Man Sitiyarin Motar Yaya

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Na sha faɗa wa mutane wannan a gidajen makoki, ban san nauyinsa ba sai ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da aka kira ni daga makarantar da kake koyarwa aka ce ka yanke jiki ka faɗi a ofishin malamai. Kafin in isa asibiti rai ya yi halinsa. Yaya, ana gobe za ka rasu kai ka kai Inna wankin ƙoda, ka dawo da ita, ka zauna bakin gadonta kana matsa mata ƙafa. Ita ce marar lafiyar da dukanmu muka zuba wa ido, ba wanda ya taɓa tambayar lafiyarka.

Masu ta'aziyya sun faɗi alheranka da yawa, wasu ma ni ƙanwarka ban san da su ba. Wani tsohon ɗalibinka ya ce kai ka bi shi har kasuwa ka dawo da shi aji. Maƙwabciyarku ta ce ranar da naƙuda ta kama ta, mijinta ba ya gari, kai da matarka kuka kai ta asibiti. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai ita ce tsohuwar ƙaramar bas ɗin nan taka, wadda yaranka suka laƙaba wa suna Giwa.

Don Inna ka riƙe motar nan, kowa ya sani. Ka cire kujerar tsakiya, ka sa kafinta ya yi maka katakon hawa, yadda za a tura kekenta har ciki ba tare da an cicciɓe ta ba. Ta tsani a ɗauke ta cak a gaban mutane, kai kuwa ka tsare mata wannan mutuncin shekara da shekaru.

Giwa tana da ciwo ɗaya, yoyon man sitiyari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kaɗai ka san lagonta. Duk ranar asibiti, kafin a tayar da inji, sai ka ɗaga murfin gaba, ka goge bakin ɗan tulun man don kada ƙasa ta faɗa, ka duba ko man yana tsakanin layuka biyun da ke jikin tulun. Ka ɗiga shi a kan farin ƙyalle ka shinshina. In ja ne garau, ka yi hamdala. In ya fara duhu yana ƙauri, ranar nan bakanike zai gan ka. Ina tsaye da jakar Inna ina duban agogo, in ce, "Likitan Giwa, marar lafiyar gaske fa tana jira." Kai kuma ka ce, "Auta, in sitiyari ya ƙage mana a kwana, bakin nan naki ne zai juya motar?"

Da an yi maka maganar gyaran gaba ɗaya sai ka ce bari a yi hutu, don ba ka son motar ta kwana a gareji Inna ta rasa abin hawa. Hutu ya zo ya wuce sau nawa. A nan ne nake jin haushinka, Allah ya gafarta maka, kuma ba zan ɓoye ba. Ka ɗauke mana komai, ba ka koya wa kowa komai ba. Hatta mayukan motar ka juye su a ƙananan goruna masu siririn baki don su yi maka daɗin zubawa, ba rubutu ba alama, ka jera a kwali bayan kujera.

A kwanakin zaman makoki Giwa ba ta huta ba, daga ɗauko baƙi sai mayar da baƙi. Ni na kai Inna asibiti da ita ranar wanki ta farko bayan rasuwarka, na ji sitiyarin yana kuka in na karya kwana, yana kuma yi mini nauyi a hannu. Da muka dawo na faɗa a tsakar gida, Kawu ya ji. Ka san Kawu, tunda aka haife shi bai taɓa cewa bai sani ba. Ina ciki wurin mata ya buɗe kwalin nan, ya ga gora mai jan mai da gora mai fari, ya zaɓi farin don a ganinsa ya fi tsabta, ya cika tulun har baki. Ashe man birki ne. Da aka tambaye shi daga baya cewa ya yi, "To, mai ai mai ne." Garin neman gira aka rasa ido. Kwana kaɗan sitiyarin ya ƙage gaba ɗaya, mai na zuba ƙarƙashin mota. Bakanikenka ya ce robobin ciki duk sun kumbura, sai an wanke hanyoyin man an sake su. Yana faɗa yana share hawaye da bayan hannu, ya ce bai taɓa ganin motar nan ba kai ba.

Ranar wanki ta zagayo, Giwa tana gareji. Na kira tasi, Inna ta ce ba mai ɗaukarta kamar buhu. Na roƙa, matarka ta roƙa, Kawu ya durƙusa yana ba ta haƙuri, ta juya fuska bango. Muka ce motar ce matsalar, muka matsa wa bakanike lamba. Yau da hantsi ya kawo ta da kansa, ya nuna mini tulun da layukan, ya rubuta suna a jikin kowace gora. Na shiga wurin Inna da murnata na ce mota ta dawo, gobe sai asibiti.

Ƙafafunta sun kumbura, Yaya, numfashinta sama-sama yake fita. Ta dube ni ta ce, "Auta, ba mota ba ce. Mai kai ni ya riga ni tafiya. In wanke jinin in zauna jiran wa?"

Da kai ne, da ka ja ta da wasa har ta yi dariya ta ce a miƙo mata mayafi. Ni ban iya ba, kuka kawai na sa mata. Likita ya ce kada a kuskura ta sake tsallake wanki. Hankalina a tashe yake, ina tsoron kada mu sake shimfiɗa tabarmar makoki a gidan nan tun ba a naɗe taka ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Yadda ka sauƙaƙa wa mahaifiyarmu hanya, Allah ya sauƙaƙa maka hisabi, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, wadda take danne nata kukan tana lallashin namu, da yaranka, da abokan aikinka da ɗalibanka, da Kawu, wanda ya kasa haɗa ido da kowa alhali alheri ya nufa. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Inna kuwa ban san yadda ake yi wa uwa ta'aziyyar ɗan da take sa ran shi zai binne ta ba. Duk wanda ya karanta wannan, in ya yi maka addu'a, don Allah ya ƙara da ita, Allah ya sanyaya zuciyarta ta yarda ta shiga motar nan gobe. Amin.