Yaya Rabi da Ƙwayar da Ta Ƙi Narkewa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Rabi. Mutanen Yakasai sun san ta da 'yar Alhaji mai goro wadda ta karanta harhaɗa magunguna. A wani kamfanin magani da ke bayan gari take aiki, a sashen da inji ke danne garin magani ya fito da shi ƙwaya.

Mu a gida raina aikin muka yi. Nakan tsokane ta cewa ta sha wahalar jami'a ne don ta ƙare a dunƙula fura. Sai ta yi dariya ta ce ai kusan hakan ne. Idan ba a danne garin sosai ba, ƙwayar marmashewa take yi a hanya, maras lafiya ya sha rabin abin da likita ya rubuta masa. Idan kuma aka wuce kima, ko dai kanta ya tsage ya ɓalle kamar murfi, ko ta yi taurin da ba za ta narke a ciki ba, ta fita yadda ta shiga. Duk karatun nata a kan gano tsakiyar nan yake.

Wanda ya fi ba ta wahala mahaifinmu ne. Baba ya tsufa a cinikin goro, kuma komai da farce yake gwada shi: goro mai tauri shi ne mai kyau, wanda ya yi laushi ya tafi. Da hawan jini ya kama shi, haka ya riƙa yi wa magani. Wanda Yaya ta karɓo masa a asibiti, da ya danna ya ga gefensa ya gutsure, sai ya ture shi gefe ya ce jabu ne. Ya aika wani kemis a saya masa irinsa mai tauri kamar tsakuwa. Jinin ya ƙi sauka. Rannan ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa, likita ya ce idan aka sake, shanyewar ɓarin jiki ce ko abin da ya fi ta. Tsoro ya kama mu ƙwarai.

Yaya ba ta yi musu da shi ba, don musu da Baba ɓata yawu ne. Bayan la'asar ta kawo kofi biyu na ruwan ɗumi ta ajiye a gabansa.

"Baba, zaɓo wadda ka fi yarda da ita."

Ya danna, ya miƙa mata mai taurin. Ta jefa ta a kofi ɗaya, ta asibiti a ɗayan. Kafin ya gama tauna goron bakinsa ta asibiti ta watse. Tasa kuwa tana nan zaune har aka kira magariba.

"Uwata," haka yake kiranta don sunan mahaifiyarsa ta ci, "to ina ƙarfin nata ya tafi?"

"Yana ciki, Baba, fitowa ce bai yi ba. Akwai waɗanda da gangan ake yin su don su narke a hankali, amma wannan ba ta cikinsu. Danne ta kawai aka yi fiye da kima."

Tun daga ranar Baba bai sake kai wa magani farce ba.

Na san abin da za ta ce da ta ga yau. Maganin da ake turawa a baro cikin rana wajen Ƙofar Na'isa, wallahi da sai ta tsaya ta yi faɗa, don ba ta iya gani ta yi shiru ba. Amma da ta ga 'yan matan cikin gari da suka cika ajin karatun da ta yi kusan ita kaɗai mace, da ta yi murna har ta yi kuka. Ba na shakka cewa hanyar da ta bi ce za ta ɗore.

Gajeruwar jinya ta yi ta rasu, ba ta kai shekara arba'in ba. Ina kewarta, kuma ba na jin kunyar faɗa. Idan aka tambaye ni me ta bari, sai in ce ta bar mana uba. Shi da muke tsoron rasawa, shi ya tsaya a gaba ya sallace ta, kuma har yau da ƙafarsa yake takawa masallaci ya roƙa mata gafara. Allah Ya jiƙanta.