Cindon 'Yata

Da yatsu goma sha biyu aka haife ni. Ban san ƙarin biyun ba, tun ina jaririya aka cire su, tabonsu kawai na sani, a gindin manyan yatsuna, kuma babban yatsan hagun har yau ba ya lanƙwasuwa. Da na haifi 'yata a Gudu na buɗe hannuwanta na ga cindo a kowanne, dariya na yi har ɗinkina ya motsa.

Aikina ke nan fa. A ɗakin bincike nake, ina fasa ƙwan kaza ina kallon yadda fiffike ke tsirowa. Ƙwayar gadon da ke zana hannu iri ɗaya ce a kaza da ɓera da mutum. Bambancin yana wurin wani makunni da ke gaya mata inda za ta kama aiki da lokacin da za ta tsaya. Na maciji ya lalace tun zamanin da, shi ya sa yake jan ciki alhali ƙwayar na nan a jikinsa. A danginmu kuwa makunnin rawar kai gare shi, yana kunnawa har a gefen da ba a aike shi ba.

Duk na yi wa Inna, mahaifiyata, wannan bayani, da ta zo zaman jego. Na ce irin namu ba tsokar nan ba ce ta gefen ƙaramin yatsa da ake ɗaure wa zare ta faɗi, akwai ƙashi da jijiyar jini a ciki, sai likita. Ta saurare ni tsaf, ta ce, "To, malamar ƙwai."

Da safiyar suna ta haɗa mini ruwan wanka mai zafi, ta tura ni bayi da bokitin ƙarfe. Ashe ta riga ta aika garin Masaka an kira wanzami. Ina cikin wanka na ji kukan da ban taɓa jin irinsa ba.

Da zani a ƙirji na fito, bokitin a hannuna, ban ma san na ɗauko shi ba. Inna ta matse jaririyar a cinyarta. Askar ta ci ƙashi ta tsaya, sai mutumin ya murɗe sauran da hannu. Jini na tsartuwa har kan labule. Ya riga ya kamo hannun dama.

"Madam, sorry, small ne ya rage, bari in gama..."

Na kwaɗa masa bokitin a baki. Na ƙara. Haƙorinsa ya faɗo kan tayil, ya yi baya ya bugi bango, na bi shi ina duka sai da mariƙin bokitin ya tsinke. Inna ta riƙo ni, na fizge, ta faɗi a kan tiren goro. Ban tsaya ɗaga ta ba. Na naɗe hannun 'yata da zanin goyo, na fita titi ba takalmi, ina tare motoci ina zagin duk wadda ta wuce.

A asibiti aka ƙara wa 'yata jini, ta rayu. Na yi kwanaki ba na iya kallon Inna, na tsane ta tsana ta gaske, ita kuma ta nace cewa gata ta yi wa yarinyar, kada a tsokane ta a makaranta.

Yanzu 'yata ta shiga firamare, biyar a hagu, shida a dama, kuma ta san labarin bokiti don 'yan unguwa ba su bar shi ya mutu ba. Kwanan baya Inna ta zo duba mu, muna zaune muna gyaran alayyahu. Yarinyar ta kamo hannuwana tana shafa tabon, wannan sannan wancan.

"Mama, ke duka biyu aka cire. Ba wanda ya zo miki da bokiti?"

Inna ta ajiye wuƙar a hankali, ta tashi ta shiga ɗaki.