Akwati na Tara da Baba Manu Ya Hana a Goge

Kun san Baba Manu da alli a bayan kunne. Shekara uku na yi da shi a injin casar shinkafa da ke hanyar Argungu, ban taɓa ganin an faɗa masa magana ya yarda daga zaune ba. Ko cewa ka yi rijiya na bayan gida, sai ya miƙe: "Mu tai mu taka." Yau kwana ashirin da rasuwarsa. Ina rubutun nan ne domin ranar Talata saura ƙiris injin ya niƙa ni, kuma gobe manaja zai zauna don rage matakan aikin da Baba ya tsaya a kansu.

Bara ne mai kamfani ya ɗauko ƙwararru biyu daga Abuja su zana yadda aiki ke tafiya, tun daga sauke shinkafa shanshera, wadda ba a casa ba, har ɗinke buhu. Kwana biyu suna ofis da manaja, suka fito da takarda mai akwatuna da kibau, tsaf da ita. Baba ya saɓi buhu, ya ce babbansu ya riƙe takardar ya ja gaba. Muka bi kibiya, muka bi kibiya, sai ga mu gaban bango. Ƙofar da suka zana an toshe ta tun kafin a ɗauke ni aiki.

"Yallaɓai, buhunka ya iso," in ji Baba. "Shi huda ginin, ko shi jira?"

Kai! Ranar har mai gadi sai da ya zauna don dariya.

Daga nan Baba ya kafe sai an tambayi masu yin aikin da hannunsu. Ya jawo Inna Kulu mai shanya, ta dubi zanen ta ce, "In hadari ya taso fa, wa ka kwasa?" Baƙin suka kalli juna. Baba ya ce, "Garinku ba a damina?" Aka ƙara reshe a zanen. Ni kuma da na gama sakandare, ya sa ni rubuta komai da Hausa. "Ɗiyata, rubuta yadda Kulu ka faɗi." Shi kansa mai kamfani sai da Baba ya zagaya da shi cikin ƙaiƙayi da babbar rigarsa, wai in mai abu bai taka ba, tsire za a naɗe da takardar.

Babbar rigimar a kan akwati na tara aka yi: kafin a kunna injin, a bugi ƙarfen mazubi, inda ake juye shinkafar, sau uku, a ce "Akwai mutum?", a jira. Ƙwararren ya ce, "Baba, wannan ai ba mataki ba ne, ɓata lokaci ne." Baba ya juya ya nufi injin. Ya shimfiɗa buzunsa gaban makunni, ya ciro carbi. Har la'asar injin bai tashi ba. Manaja ya fito yana faɗa, Baba ya ɗago ya ce, "Ni ma lokaci ni ka ɓatawa. Ku zana ni."

Aka bar akwatin.

Ranar Talata ƙaiƙayi ya toshe mazubi, aka kashe injin, na shiga sharewa da yake ni ce mai ƙaramin jiki. Ina ciki aka canza masu aiki. Wanda ya karɓa sabo ne, wani magidanci daga Gwadangaji, kwanansa uku, bai taɓa ganin Baba ba, kuma ba wanda ya gaya masa ina ciki. Takardar matakan da aka liƙa a bango kawai yake bi da yatsa. Na ji ƙwam, ƙwam, ƙwam a saman kaina. Wallahi da farko muryata ƙin fita ta yi. Da bai jira ba! Ya jira, na ƙwala ihu. Da aka jawo ni, na ga hannunsa na kan makunni, yana ta salati.

Tun ranar, ko ludayi ya bugi tukunya sai na zabura.

Manaja ya ce sabon inji na tafe, yana son takarda gajeriya. Inna Kulu ta ce in je in faɗi abin da ya same ni, za ta tsaya a bayana. Ban taɓa buɗe baki gaban manya ba, amma zan je, ko da kuka ne.

Allah Ya jiƙan Baba Manu, Ya yafe masa, Ya haskaka makwancinsa. Bai bar 'ya ko ɗaya ba, Ya Allah, Ka karɓi addu'ata a matsayin tata.