Mai Gadi Da Katun Ɗin Japan

Akwai wani mai gadi a ƙofar fakin ɗin wani bene a unguwar Al Mirqab can ƙasar Larabawa, ƙato ne wallahi, gemu duk furfura, a ƙirjin rigarsa an rubuta Ɗalhatu. Da rana tsaka yana cikin ɗan ɗakin gadin nan, waya ɗaya a hannu, ɗaya ya jingine ta da flas ɗin shayi, wai katun ɗin Japan yake kallo, na soyayya, saurayi da budurwa an raba su gari suna ta neman juna. Ko kalma ɗaya ba ya ji amma idonsa ya yi jawur.

A ɗaya wayar wata ce a kan layi, da alama matarsa ce can gida, Allah kaɗai ya san rabonsu da juna. Tare suke kallo, sai sun ƙirga ɗaya biyu uku sannan kowa ya danna.

Mota ta zo, mai motar yana ta hon yana yalla yalla, wato a yi sauri, shi ko bai ɗaga ƙarfen da ya tare ƙofar ba sai da ya ce, "Mero tsayar, kar ki wuce ni."

Tana dariya. "Baban Kausar, katun ne fa."

"Na sani. Ke dai jira ni, in za su haɗu mu gani tare."