Sistar da ta hana "lafiya lau"

Shekara ashirin Sista Saudatu tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Kambarawa, kuma har yau ba ta iya lallashi ba. Duk Laraba takan tara masu jegon da ciwon damuwa ya kama, su zauna su yi magana. Dokarta ɗaya ce: ba a cewa "lafiya lau".

"Yaya jego?" ta tambayi Madina, sabuwar zuwa.

"Lafiya lau, Sista."

"To tashi ki tafi, nan ba gidan suna ba ne. Ni ma kwana arba'in na yi ina cewa lafiya lau, ina kuka a banɗaki, uwar mijina na cewa hayaƙin dafa ruwan wanka ne."

Madina ta yi dariya, sai kuma ta fashe da kuka.

Sista ta ce, "Yauwa, yanzu kika amsa gaisuwa."