Talatar Kliwon

Sukinem ba ta taɓa lissafi da kwana bakwai ba. Shekara arba'in tana kai wainar waken soya kasuwannin da ke kewaye da ƙauyenmu, ranakunta biyar ne kamar na kowace 'yar kasuwa a tsibirin Jawa: Legi, Pahing, Pon, Wage, Kliwon. Da su ta yi aure, da su ta binne miji. Da ciwon daji ya shiga jininta, ƙanwarta Parmi ta dawo daga birni don jinya, alhali sun shekara tara ba sa gaisawa.

Ruwan magani na farko an ɗaura mata shi ranar Talata mai Kliwon. An ba ta ƙwayar hana amai, a sha kafin a ɗaura ruwan, sannan safe da yamma har kwana uku. Ita kuwa ta ƙulle ta a bakin zani, sai da cikinta ya juya ta haɗiya, ƙwayar ta dawo yadda ta shiga. Kwana uku tana durƙushe gindin ayaba, ƙamshin shinkafa ma ya zame mata abokin gaba.

Bayan mako uku Parmi ta tsaya mata a ka da takardar asibiti.

"Tashi, Yaya. Yau Talata, motar ƙarfe bakwai za mu bi."

"Yau Legi ce, malamar birni. Ran Talatar Kliwon aka sa min, sai ta zagayo zan koma."

"Saura mako biyu fa! Likita cewa ya yi in kika tsallake rana, ciwon ya samu hutu."

"To ya huta. Ni ma in huta da ganin fuskarki."

"Fuskata ce ke kwashe amanki, tsohuwar banza. Kin iya lissafi sarai, tsoro ne kawai."

Sukinem ta juya wa bango fuska. Daga gidanmu ina leƙen su ta katangar gora, na zaci shi ke nan. Sai Parmi ta jefar da takardar, ta fizgo hannun yayarta, ta shiga lanƙwasa mata yatsu da ƙarfi.

"Na farko Kliwon. Yau Legi. Na gaba Pahing, sai Pon, sai Wage. Kullum Talata, ranar kasuwa na matsawa taki ɗaya. Sau shida aka ce za a ɗaura miki. Na shidan ina zai faɗa?"

Tsohuwar ta shiga ƙirgawa, leɓɓanta na motsi.

"Kliwon," ta ce da ƙyar.

"To ga Talatar Kliwon ɗinki can tana jira. In kin ga dama ki kai."

"Sakar min hannu, za ki karya ni."

Parmi ta kwance ƙullin zanin da kanta, ta karɓe ƙwayoyin.

"Daga yau a hannuna suke. A ƙofar asibiti za ki sha, tun cikin bai ce komai ba."

"Wa ya taɓa shan magani ba ciwo?"

"Wa ya taɓa kai waina bayan kasuwa ta watse?"

Sukinem ta yi tsaki, ta laluba takalminta da ƙafa. Na ga wucewarsu ta kan gaɓar gonar shinkafa, raɓa na jiƙa musu zani, taki biyar a tsakaninsu. A mota ma kowacce tagarta daban.