Gilashin da Ya Kamo Dada Jumma

Duk matar da ta taɓa aurar da 'ya a Tudun Wadan Gombe ta san Olaedo mai hoto, ko da harshenta bai taɓa juya sunan daidai ba. Ola kawai ake ce mata, ita kuma ta amsa da ƙarfinta. Doguwa ce, ga murya, kafin ta shigo gidan biki sallamarta ta riga ta isa tsakar gida.

A nan Gombe aka yanke mata cibiya. Mahaifinta Romanus ya zo daga Anambra tun zamanin da ake ɗaukar hoto da fim, ya buɗe shagon hoto mai labule da zanen jirgin sama, kuma a hannunsa ta koyi sana'ar. Hausa a bakinta kamar jakin Kano, ba ta juyawa zuwa yaren iyayenta sai ranta ya ɓaci. Da wayoyi suka cika gari kowa ya zama mai hoto, shaguna suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ola ko gezau. Ta riga ta gano akwai ƙofar da namiji mai kyamara ba ya tsallakawa: ɗakin lalle, wurin kamu, ƙuryar uwar amarya. Ita kuwa sai ta yafa mayafi, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta gai da tsofaffi, ta shige abinta. Da wannan ta riƙe shagon bayan rasuwar tsohon, da shi take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta uku.

Ana nan wata Talata sai ga Hikima, ma'aikaciyar jinya, 'yar wani gida a Tumfure. Saura mako uku bikinta, kuma mijin a Ilori yake aiki, can za a kai ta.

"Anti Ola, ni hotunan kwalliya ba su dame ni ba, ƙawayena za su cika min waya da su. Hoto ɗaya nake so, ni da Dada."

"Haba, wannan ma aiki ne? Ku jeru, in ɗauka."

Hikima ta sunkuyar da kai. "Ni ce 'yar fari, Anti."

Ola ta ce, "Tabɗi."

Ta san zancen. Dada Jumma, mahaifiyar Hikima, Bafulatana ce ta asali, tashin ruga, irin waɗanda fulako ya ratsa har ƙashi. Shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa kiran sunan Hikima ba, sai dai "waccan". Ba ta zama tabarma ɗaya da ita, in ta shigo ɗaki sai uwar ta tuna wani aiki a madafi. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ta taras ana yi. Ga shi kuma da ta hango kyamara sai ta ja mayafi, balle a haska mata filasha a ido.

Hikima ta ce, "Zan tafi ƙasar da ban san kowa ba. Ina son abin da zan riƙa dubawa in ce ga ni, ga uwata."

"Za ki samu," in ji Ola. Haka take, ba ta iya jan alkawari ba.

Sai da Hikima ta hau keke ta tafi sannan Ola ta dubi kyamararta ta yi tsaki. Gilashin da ke bakinta tsoho ne, makaho ne a inuwa. Ba ya gani sai an matso, ba ya gani sai an haska. Abu biyun nan kuwa su ne za su kori Dada Jumma.

Allah Ya sa a watan ta kwashi adashi, naira dubu ɗari uku cif, daman na sabon gilashi ne. Babu ƙarin ko sisi, don sauran abin da ke hannunta na makarantar yara ne, shi kuwa ba a taɓa shi. Ta nufi wurin Hudu, wanda ke sauke kayan kyamara na hannu daga Legas.

Hudu ya jera mata guda biyu da kuɗinta zai iya kaiwa. Ɗaya zabgege, tsawonsa ya kusa taɓarya, yana janyo abin da ke nesa har gaban hanci. Ɗayan kuwa ɗan dunƙule, ba ya janyo komai, inda aka saita shi nan yake. Abin haushi ma, ƙaramin ya fi tsada, shi zai cinye kuɗin tas.

"Madam, ɗauki babban nan, har canji ki samu. Wallahi in kika shiga taro da shi, kafin ki ɗauki hoto an fara girmama ki. Mutanenmu girman gilashi suke biya."

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Sau nawa aka wuce ta aka kira Sammy, mai hoton unguwar Federal Low-Cost, don kawai nasa ya fi tsawo? Ta ɗaga babban, ta leƙa, ta kamo wata mai awara a tsallaken titi har tana ganin man da ke yatsunta. Ranta ya biya, ba ƙarya. Da wannan ai daga zaure ma za ta kamo Dada.

Sai ta ce, "Hudu, buɗe min sitonka, ka kashe fitila."

"Ikon Allah! Yau kuma aljanu za a ɗauka?"

"Kai dai tsaya bakin ƙofa daga ciki, kar ka motsa."

Ta ɗauka da babban, Hudu ya fito baƙi ƙirin, sai haƙora. Ta sauya ƙaramin ta sake ɗauka. Sai ga shi tar, har zanen hularsa da gumin goshinsa, alhali hasken da ke shiga siton bai wuce na ƙasan ƙofa ba.

Ta zaro kuɗinta ta ajiye. "Ƙaramin."

"Madam, ki sake tunani."

"Na gama. Matar da nake nema ba a rana za ta tsaya ba."

Ranar kai amarya Ola ta isa Tumfure da la'asar. Gida ne sabo, gona ta kewaye shi, mata cike da tsakar gida. Tunda gilashin ba ya zuƙowa, ƙafarta ce za ta yi aikin. Ta zagaya ta auna da ido: ga ɗakin amarya, ga ƙofar fita, ga madafi a tsakani, Dada Jumma na ciki tun safe wai tana kula da tukwane. Ola ta samu gefen masu wanke-wanke ta tsuguna, ta ƙi tashi.

Gwaggon ango, wata Suwaibatu, ta ƙare mata kallo. "Yanzu wannan ce mai hoton da ake ta kurantawa? Ga 'yan mata can sun sha kwalliya, ke kina gadin kwanuka da ɗan abu kamar murfin kwalba."

"Gwaggo, kwalliya ba ta gudu. Zan zo."

Ola ta yi dariya a fili, amma idonta na kan madafi. Rana na faɗuwa, haske na janyewa, madafin nan shiru. In Dada ba ta leƙo ba, adashin shekara ya tafi a banza, alkawari kuma ya karye.

Gab da magariba aka fito da amarya a lulluɓe. Guɗa ta tashi, wayoyi suka ɗaga sama, kowa ya ba madafi baya. A daidai lokacin labulen buhun da ke ƙofar ya ɗan matsa. Dada Jumma ta tsaya daga ciki, ludayi a hannu, a inda ta tabbata duhu ya rufe ta. Hikima ta gifta ta gabanta. Ola ta danna sau ɗaya.

Tsohuwar ta juyo, suka haɗa ido. Ola ta sauke kyamara da sauri, don ta san in matar nan ta ɗaga murya, ƙofofin mata da yawa za su rufe mata. Ta ce, "Sannu da aiki, Dada." Labule ya koma.

Hoton ya fito yadda ko ita ba ta zata ba. Amarya a gaba, uwa a baya cikin inuwa, idonta ƙur a kan 'yarta, hawaye ya sauko har haɓa. Da ta tura wa Hikima, kira ya shigo daga Ilori, Hikima na ta shessheƙa. Can ta ce, "Anti, ashe tana kallona."

Bayan kwana goma Ola na share shago sai ta ji sallama ƙasa-ƙasa. Dada Jumma ce, ita kaɗai, tun daga Tumfure. Ola ta shirya shan faɗa, ta miƙa kujera. Tsohuwar ta ƙi zama. Ta daɗe tana duban hotunan bango kamar su suka kawo ta, sannan ta kwance bakin zani ta ciro kuɗi.

"Abin nan da kika yi ranar. Na waccan." Ta miƙo kuɗin ba tare da ta ɗago ba. "Ki wanke min ɗaya. Ƙarami, wanda ba wanda zai gani."